HUKUNCIN ƁOYE NA'URAR ƘARA WA INJI ƘARFI DOMIN CIN GARANTI

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halatta ciniki, Ya haramta zamba. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi wata mas'ala ce ta mu'amala wadda ta taso a ƙasar Amurka tsakanin masu manyan motocin a-kori-kura da kamfanonin da ke ƙera su. Surar mas'alar ita ce: mutum ya sayi sabuwar mota tare da takardar garanti, ya sa mata na'urar da ke ƙara wa inji ƙarfi fiye da yadda masana'anta ta tsara, inji ya lalace, sai ya cire na'urar, ya kai motar wurin wakilin kamfani, watau dila, ya nemi a gyara masa kyauta, bai ce uffan ba. Shin gyaran da ya samu halal ne a gare shi? Akwai Musulmi a can cikin masu sayen waɗannan motoci da masu gyara su, kuma amsar tana da amfani ga duk wanda ya taɓa riƙe takardar garanti, ko da ta janareto ce.

YADDA NA'URAR TAKE AIKI

Malamai sun ce ba a yanke hukunci a kan abu sai an san yadda yake, saboda haka tilas a fara da bayanin na'urar.

Motar wannan zamani tana da ƙaramar kwamfuta wadda makanikai ke kira ƙwaƙwalwar mota. Ita ce ke auna yawan man da za a fesa cikin inji, da lokacin fesa shi, da ƙarfin iskar da na'urar turbo za ta cusa masa. Kamfani ya kan tsara waɗannan ma'aunai ƙasa da iyakar abin da inji zai iya, domin ya bar sarari saboda zafin rana, da hawan tudu, da nauyin kaya, da mai marar kyau, da kuma dokar hayaƙi. Wannan sararin da aka bari shi ne masu sayar da na'urar ƙarin ƙarfi suke cinyewa.

A shekarun 1980 a kan zare wani ɗan guntun abu ne mai suna cif daga cikin ƙwaƙwalwar, a sa wani a gurbinsa, daga nan sunan ya samo asali. Tun daga shekarar 1996 doka ta tilasta a sa wa ƙananan motocin da ake sayarwa a Amurka wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari domin binciken lafiyar inji, manyan a-kori-kura ma suna da ita. Ta wannan kafa ce ake jona na'ura ta goge tsarin kamfani ta rubuta nata. Akwai kuma wani iri da ake jonawa tsakanin ƙwaƙwalwa da wayoyin da ke kawo mata labari, ya riƙa ba ta labarin ƙarya, ya ce mai bai isa ba alhali ya isa, ita kuwa sai ta ƙara.

An fi yin haka ga injunan gas guda uku da suka yi suna a can: Power Stroke na Ford, da Duramax na General Motors, da Cummins da ke cikin motocin Ram. Wasu na'urorin ana tallarsu da cewa suna ƙara ƙarfin doki 100 ko fiye. Ƙarfin kuwa na gaskiya ne, mai jan tirela ya kan ji shi a ƙafarsa. Amma ƙarin mai ƙarin wuta ne. Zafin hayaƙi ya kan hau har kan fistin ya narke, matsin da ke cikin silinda ya kan fasa gaskit, giya kuma ta kan fara sulɓewa saboda an ɗora mata abin da ba a ƙera ta dominsa ba. Canjin injin gas na irin waɗannan motoci ya kan haura dala 10,000. A nan ne zuciya ta kan fara raya wa mutum dabara.

MATSAYIN GARANTI A SHARI'A

Garanti alkawari ne da mai ƙira ya ɗauka cewa in aibi ya bayyana a kayansa cikin wa'adi sananne, wanda asalinsa daga ƙira ne ko daga kayan haɗi, shi zai gyara da kuɗinsa. A Amurka galibi a kan ba da shekara 3 ko mil 36,000 ga mota baki ɗaya, injin gas kuwa shekara 5 ko mil 100,000, watau wajen kilomita 160,000, duk wanda ya riga cika. Littattafan garanti su kan faɗa a sarari cewa ɓarnar da ta auku saboda sauya tsarin inji ba ta cikin alkawarin.

Wannan ba baƙon abu ne ga fiƙihu ba. Malaman Malikiyya sun yi dogon bayani a babin ciniki kan zaɓin mayar da kaya saboda aibi, sun bambanta tsohon aibi wanda kaya ya zo da shi daga hannun mai sayarwa, da sabon aibi wanda ya auku a hannun mai saye. Na farko yana wuyan mai sayarwa. Na biyu kuwa, balle in mai saye ne ya jawo shi da hannunsa, ba a ɗora wa kowa shi sai shi. A wannan zamani kuma, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa, a zamanta na birnin Manama na ƙasar Bahrain cikin 1998, ta yanke cewa ya halatta a sharɗanta wa mai sayarwa gyaran kaya na wani lokaci sananne a cikin ƙulla ciniki.

Tun da yake sharaɗin ya inganta, to ya zama tilas a kan kowane ɓangare. Suratul Ma'ida ta buɗe ne da umartar muminai su cika ƙulle-ƙullen da suka ƙulla, ba ta ware mai saye daga mai sayarwa ba. Hausawa sun ce alkawari kaya ne, wannan kayan kuwa mutum biyu suka ɗauke shi.

HUKUNCIN SA NA'URAR

Mota dukiyar mai ita ce, yana da ikon ya sarrafa ta yadda ya so matuƙar bai cuci wani ba. Saboda haka sa na'urar a kan kansa ba haramun ba ne. Sai dai akwai iyaka biyu.

Ta farko, kada ya zama ɓarnatar da dukiya ce kawai domin alfahari da tsere. Ta biyu, kada ya cutar da jama'a. Tun wajen 2007 ake sa wa waɗannan motoci matatar da ke kama baƙin hayaƙi, daga wajen 2010 kuma aka fara ƙara wani ruwa da ake fesawa cikin salansa domin rage guba. Wasu na'urorin an yi su ne musamman domin a cire waɗannan abubuwa ba tare da ƙwaƙwalwar mota ta yi ƙorafi ba, dokar tsabtar iska ta Amurka kuwa ta hana haka. A 2020 Hukumar Kare Muhalli ta ƙasar ta ƙiyasta cewa an cire wa motocin a-kori-kura na gas fiye da 550,000 kayan tace hayaƙi cikin shekara goma da suka gabata. Hayaƙin nan huhun yara da tsofaffi da masu asma yake shiga, kuma ƙa'ida ce tabbatacciya a Shari'a cewa cuta kawar da ita ake yi. Na'urar da aikinta ke nan, barinta ya wajaba, ko akwai garanti ko babu.

Idan na'urar ta kuɓuta daga waɗannan biyu, mai ita ya sa abarsa, amma ya sani ya ɗauki wani kaso na hatsarin ya aza wa kansa. Wanda ya ci amfanin abu shi ke ɗaukar asararsa. Kowa ya ci ladan kuturu, tilas ya yi masa aski.

HUKUNCIN CIREWA KAFIN A JE WURIN DILA

Nan ne zuciyar mas'alar, kuma tana da fuska uku.

Fuska ta farko, mutum ya mayar da tsarin kamfani kafin ya kai mota a yi mata sabis na yau da kullum, domin dila ya kan sabunta tsarin ƙwaƙwalwa, sabuntawar kuma ta kan goge abin da ya saya ko ta kulle na'urarsa, ga shi kuma kwamfutar makaniki ta fi karanta mota daidai in tana kan asalinta. Wannan babu laifi a cikinsa, domin bai nemi haƙƙin kowa ba. In aka tambaye shi dai, tilas ya faɗi gaskiya.

Fuska ta biyu, abin da ya lalace ba shi da alaƙa da inji ko kaɗan, kamar injin ɗaga gilashi, ko rediyo, ko fentin da ya tashi. Wannan haƙƙinsa ne ya nema, kuma halal ne ya karɓa, ko na'urar tana jiki ko ba ta.

Fuska ta uku, inji ne ko giya ko turbo ya lalace, ya kuwa san na'urar ce sanadi ko yana da zato mai ƙarfi, sai ya cire ta, ya goge alamunta, ya nuna kamar motar ba ta taɓa ganin komai ba. Wannan algus ne tsantsa, abin da ya karɓa kuma haram ne. Ba ya kuɓuta da cewa shi bai furta ƙarya ba. Neman gyara a ƙarƙashin garanti shi kansa da'awa ce cewa aibin daga masana'anta yake, cire na'urar kuwa shaidar zur ce da hannu ya bayar a madadin baki.

Dalilai a kan haka suna da yawa. Imam Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da abinci, ya cusa hannunsa cikin tsibin, ya ji danshi a ƙasa. Mai abincin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Aka yi masa faɗa don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, aka kuma bayyana cewa mai algus ba ya bisa tafarkin Annabi. A lura, mutumin nan bai furta ƙarya ba, jera kayansa kurum ya yi yadda ido zai ruɗu. Haka kuma an hana barin nono ya taru a hantsar akuya ko raƙuma kwana da kwanaki domin mai saye ya zaci mai yawan nono ce. Ibn Abi Zaid Alƙairawani ya lissafa algus da yaudara da ɓoye aibi cikin abubuwan da ba su halatta a ciniki, a littafinsa Risala wanda ɗalibai ke karantawa a zauruka. Aya ta 29 ta Suratun Nisa'i kuma ta hana cin dukiyar juna da ɓarna, ta halatta abin da ya zo ta ciniki bisa yardar juna. Yardar da aka samo ta hanyar ɓoye gaskiya ba yarda ba ce.

In kuwa mai mota yana cikin shakka ta gaskiya, bai san ko na'urar ce ko ba ita ba, hanya a buɗe take: ya faɗi abin da ya sa wa motar, da ranar da ya sa, a bincika. In aibin na ƙira ne, haƙƙinsa yana nan bai tafi ko'ina ba.

UZURORI DA AMSARSU

Wani zai ce kamfanin yana da biliyoyi, inji ɗaya ba zai rage shi da komai ba. Amsa ita ce yawan dukiyar mutum ba ya halatta a ci ta. Sa'an nan kuma ba kamfani kaɗai ke shan wahalar ba. Dila ɗan kasuwa ne mai zaman kansa, shi ke yin aikin, kamfani ya biya shi daga baya. Kamfani ya kan nemi a aika masa da kayan da aka cire ya duba, in ya ga alamar an sauya tsari yana iya karɓe kuɗinsa daga dila. Ta haka zambar ta kan sauka a kan wanda ya amince da maganar mai mota.

Wani zai ce ai masu kamfanin ba Musulmi ba ne. To, Bukhari ya kawo labarin Mugira ɗan Shu'uba, Allah Ya yarda da shi, wanda kafin ya musulunta ya yaudari abokan tafiyarsa ya kwashe dukiyarsu. Da ya zo, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya karɓi musuluncinsa amma ya nesanta kansa daga dukiyar, alhali masu ita mushirikai ne. Lokacin Hijira kuma an bar Sayyidina Aliyu a Makka domin ya mayar wa mutane ajiyarsu, su kuwa su ne ke farautar ran mai ajiyar.

Wani zai ce ba za su iya tabbatarwa ba. Hadisin Ummu Salama, Allah Ya yarda da ita, ya rufe wannan ƙofa, domin ya nuna cewa alƙali yana hukunci ne da abin da ya ji, wanda kuma ya fi iya baki har aka yanka masa haƙƙin ɗan'uwansa, yankin wuta aka yanka masa. Hukuncin da aka gina a kan zahiri ba ya mayar da haram ya zama halal. Ko a duniya ma ramin ƙarya ƙurarre ne. Ƙwaƙwalwar motocin zamani ta kan ajiye tarihi. General Motors ya kan umarci diloli su duba lambobin tantance tsarin inji kafin a amince da canjin inji ko giya, kamfanonin Volkswagen da Audi kuma suna da alamar TD1 da kwamfutarsu ke liƙa wa motar da aka gano an sauya mata tsari. Sau da yawa mai dabara ya kan tashi ba gyara, ba kuma mutunci.

ABIN DA KE WUYAN DILA DA KAMFANI

Adalci ba ya duban gefe ɗaya. Dilan da ya hango na'ura sai ya ce garanti ya mutu baki ɗaya, ya ƙi gyara abin da ba ruwansa da ita, shi ma ya ci haƙƙi. Dokar Amurka ta yi daidai da Shari'a a wannan gaɓa. A watan Janairu na 1975 Shugaba Gerald Ford ya sa hannu a kan dokar garanti ta Magnuson da Moss, wadda ta hana kamfani ya sharɗanta wa mai saye cewa sai ya yi amfani da kayan gyaransa ko garejinsa kafin garanti ya yi aiki, sai fa in kyauta zai ba shi. Hukumar Kula da Ciniki ta Tarayya ta bayyana cewa kamfani ne zai nuna kayan da aka ƙara su ne suka jawo ɓarnar kafin ya ƙi biya. Saboda haka mai mota yana iya canza baƙin mai a garejin da ya so, ko da hannunsa, in dai ya bi ƙa'ida ya adana rasiɗansa. Sai dai wannan doka garkuwa ce ga mai gaskiya, ba ta yi wa kowa alkawarin biyan abin da ya ƙona da kansa ba.

Kamfanoni ma an tuhume su da irin wannan hali. A 2015 asiri ya tonu cewa Volkswagen ya sa wa motocin gas wajen miliyan 11 tsarin da ke gane lokacin gwajin hayaƙi, ya nuna kyakkyawan hali, a kan hanya kuma ya koma wani abu dabam. A ƙarshen 2023 Cummins ya amince ya biya tarar dala biliyan 1.675 bisa zargi mai kama da haka game da injunan motocin Ram, ko da yake bai amsa laifi ba. Suratul Muɗaffifina ta yi narko ga masu cika mudu in za su karɓa, su tauye in za su bayar, wannan kuwa ya haɗa babba da ƙarami. Amma zambar wani ba ta zama lasisin zamba ga wani.

Makaniki Musulmi da ke aiki wurin dila, shi amintacce ne na ɓangare biyu. Ba ya halatta ya rufe ido ya rubuta rahoton ƙarya domin abota ko na goro, ba ya kuma halatta ya ɗora wa na'ura laifin da bai tabbatar ba domin ya tsere wa aiki.

WANDA YA RIGA YA AIKATA

Ƙofar tuba a buɗe take, amma haƙƙin bayi ba ya faɗuwa da istigfari kaɗai. Sai ya yi nadama, ya ƙudurta ba zai koma ba, ya mayar da ƙimar gyaran ga masu shi ko ya nemi su yafe. In ya yi iyakar ƙoƙarinsa hanyar mayarwa ta gagara, malamai sun ce ya yi sadaka da ƙimar, ba da nufin lada ga kansa ba.

Haka kuma ranar da zai sayar da motar, wajibi ne ya gaya wa mai saye cewa an taɓa ƙara wa injin ƙarfi, domin abu ne da ke rage farashi, yana kuma iya hana sabon mai ita cin sauran garanti. Motocin da aka yi amfani da su a Amurka da yawa su kan ƙare ne a tashoshin jiragen ruwa na Legas da Kwatano, dillalin da ya san irin wannan tarihi ga motar da ke hannunsa shi ma bayyanawa ta hau kansa.

Mai son ƙarin ƙarfi da kwanciyar hankali yana da hanyoyi na halal. Ya karanta littafin garanti, ya tambayi dila tun kafin ya sa komai, ko ya sayi tsarin da kamfanin da kansa ya amince da shi in akwai, ko ya yi haƙuri wa'adi ya cika sa'an nan ya yi abin da ya ga dama da dukiyarsa. In kuma ya zaɓi ya sa tun yanzu, ya tanadi kuɗin gyara a gefe, ranar da aka tambaye shi ya faɗi gaskiya.

Allah Shi ne Mafi sani. Allah Ya tsare Musulmi daga cin haram, Ya sa albarka cikin abin hawansu da abin nemansu, amin.